Muryar da ta maƙale a kaset: yadda aka kammala waƙar The Beatles ta ƙarshe

Lamarin da za a duba a nan na wani kaset ne guda ɗaya, irin wanda ake sakawa a rediyo, mai ɗauke da waƙar da ba a gama rubuta ta ba, da muryar John Lennon na ƙungiyar mawaƙa ta The Beatles, wanda ya riga ya mutu. Abokan aikinsa sun so su ƙarasa waƙar a 1995, abin ya gagara, suka ajiye ta. Sai a Nuwamba 2023 ta fito da sunan Now and Then. A duk tsawon wannan lokaci kaset ɗin yana nan yadda yake. Kayan aiki ne suka canja, sai kuma yawan mutanen da suka rage a raye masu ikon cewa a yi ko a bari.

## 1962 zuwa 1970: yadda suka saba aiki

The Beatles samari huɗu ne daga Liverpool: John Lennon, Paul McCartney, George Harrison da Ringo Starr. Cikin shekara takwas sun yi rikodin waƙoƙi sama da 200, mafi yawansu a situdiyon kamfanin EMI da ke titin Abbey Road a Landan, ƙarƙashin furodusa George Martin.

Kafin a gane matsalar kaset ɗin, sai an san abu ɗaya game da tef na situdiyo. Ana raba faɗinsa layi-layi, kowane layi da abin da ake ɗauka a kansa: murya a nan, ganga a can, jita a wani. Idan an zo haɗawa, injiniya na iya ɗaga murya ya rage ganga, domin ba a cakuɗe suke ba. A 1962 layi biyu kacal suke da shi. Daga Oktoba 1963 suka koma na'ura mai layi huɗu, a 1968 kuma suka fara taɓa mai takwas. Idan layuka suka cika, sai a tattara uku ko huɗu a juye su a layi ɗaya na sabon tef don a samu fili. Amma duk abin da aka juye tare ya haɗu ke nan, babu mai raba shi. Kowane injiniya na wancan zamani ya san haka, a kan haka kuma yake tsara aikinsa.

Ƙungiyar ta watse a 1970. Ta bar kamfaninta, Apple Corps, da wata ƙa'ida da za ta yi tasiri daga baya: ba a fitar da komai da sunan ƙungiyar sai ɓangarorin nan huɗu sun amince, ko su da kansu ko magadansu.

## Ƙarshen shekarun 1970: yadda aka yi kaset ɗin

Lennon ya koma New York a 1971, a 1973 ya tare a wani tsohon bene da ake kira Dakota. Bayan haihuwar ɗansa Sean a Oktoba 1975 ya janye daga harkar waƙa na kusan shekara biyar, yana gida yana reno. Bai daina tsara waƙa ba dai. Yakan zauna gaban fiyano, ya ajiye rakoda mai kaset kusa da shi, ya danna, ya rera abin da ya zo masa. Ba don wani ya ji yake yi ba, tunatarwa ce ga kansa. Inda kalmomi suka zo ya faɗe su, inda ba su zo ba ya cike gurbin da gunguni ya wuce.

Irin wannan ɗauka tana zuwa da lahani tun daga tushe. Murya da fiyano sun shiga makirufo ɗaya, sun sauka a layi ɗaya. Tef ɗin kaset bai kai faɗin milimita 4 ba, kuma yana tafiyar santimita 4.76 ne a daƙiƙa, alhali na situdiyo yana tafiyar santimita 38. Wannan ke sa huci ya yi yawa, kaifin sauti ya dushe. Babu mai ganga da zai riƙe masa lokaci, don haka yana sauri a wani wuri, yana jan ƙafa a wani. Sannan wutar lantarkin gidan ta bar ƙugi a ƙarƙashin komai, daga farkon waƙar har ƙarshenta.

An harbe Lennon a ƙofar wannan benen ranar 8 ga Disamba 1980, yana da shekara 40. Kaset-kaset ɗin suka zauna a hannun matarsa, Yoko Ono.

## 1994: waƙa ta farko

A farkon shekarun 1990 ukun da suka rage sun shiga haɗa tarihin ƙungiyar, shirin talabijin da jerin faifai kashi uku, duka da sunan Anthology. Suna son sabuwar waƙa a ciki, amma sun san ba za ta amsa sunan The Beatles ba idan babu muryar Lennon. A Janairu 1994 McCartney ya je New York bikin shigar da Lennon zauren karrama gwanayen kiɗan rock, shi ne ma ya yi jawabin gabatar da shi. A wannan zuwan Ono ta miƙa masa kaset-kaset masu ɗauke da waƙoƙi huɗu. Ɗaya aka ajiye ta gefe tun da wuri, aka tsara cewa sauran ukun kowace za ta buɗe kashi ɗaya na faifan.

George Martin bai karɓi aikin ba, a lokacin jinsa ya fara rauni. Aka ɗauko Jeff Lynne, jagoran ƙungiyar ELO, wanda ya riga ya yi aiki da Harrison a 1987. Injiniyan kuwa tsohon hannu ne, Geoff Emerick, wanda ya ɗauki manyan faifansu na 1966 da 1967. An yi aikin a situdiyon McCartney da ke yankin Sussex a kudancin Ingila, a Fabrairu da Maris 1994.

A wannan waƙa, Free as a Bird, babu wanda ya yi yunƙurin raba murya da fiyano, an san ba zai yiwu ba. Dabarar da aka bi ita ce a lulluɓe. An yanka abin da Lennon ya rera gaɓa-gaɓa, aka ɗora kowace gaɓa a daidai bugun lokaci. McCartney ya buga sabon fiyano a kan tsohon, don mai kyaun ya danne marar kyau. Inda muryar ta yi rauni ya rera a ƙarƙashinta ya tallafe ta. Akwai sashen da Lennon ya bari rabi, McCartney da Harrison suka ƙarasa masa kalmomi suka rera da kansu. McCartney ya sha faɗa cewa abin da ya sauƙaƙa musu zaman shi ne sun ɗauka a ransu John ya tafi hutu ne, ya bar musu aiki su gama.

Waƙar ta fito a Disamba 1995. Ta kai matsayi na 2 a jadawalin Birtaniya, na 6 a Amurka, a 1997 kuma ta ci kyautar Grammy. Duk da haka wanda ya saurara zai ji muryar Lennon siririya, kamar daga wani ɗaki take fitowa, sauran kiɗan kuma a gabanka.

## Fabrairu 1995: waƙa ta biyu

Real Love ta zo da sauƙi ta wani gefen, domin kalmominta cikakku ne. Kaset ɗinta ne ya fi muni: ga ƙugi, ga huci, ga ƙas-ƙas birjik. Lynne da wani masanin kwamfuta mai aiki da shi sun yi kusan mako guda suna share ta kafin a kai wa mawaƙan, suna bin ƙas-ƙas ɗin ɗaya bayan ɗaya suna cirewa. An kuma ƙara wa tef ɗin gudu kaɗan, abin da ya ɗaga muryar sama da yadda aka rera ta. Ta fito a Maris 1996, ta kai na 4 a Birtaniya, na 11 a Amurka, duk da tashar BBC Radio 1 ta ƙi saka ta a jerin waƙoƙin da take maimaitawa.

## Maris 1995: inda abin ya ci tura

Waƙa ta uku, Now and Then, ita ce ta tsaya. An zauna a kanta a situdiyo ɗaya, da mutane ɗaya, da dabaru ɗaya. Lynne ya ce daga baya zaman bai wuce yini guda ba, yamma ɗaya ma in an bi gaskiya. An ɗauki kiɗan share fage, Harrison ya buga jita, daga nan aka tashi.

Abu uku suka haɗu. Na farko ƙugin lantarki. Wutar gida a Amurka tana kaɗawa sau 60 a daƙiƙa, kuma idan ta shiga rikodi ba a 60 kaɗai take tsayawa ba, tana barin 'ya'ya a 120, 180, 240, har sama. Kayan aikin 1995 matatai ne: ka gaya wa matacin ya cire duk sautin da ke kaɗawa sau 60, ko sau 180, ya cire. Matsalar ita ce muryar namiji mai rera waƙa a daidai wannan yankin take zaune. Duk ramin da aka haƙa don cire ƙugi, an haƙa shi ne a jikin muryar. A cire kaɗan, ƙugi na nan. A cire da yawa, murya ta koma kamar ta tarho.

Na biyu, kuma nan gizo ke saƙar, fiyano. Maɓallin tsakiyar fiyano yana kaɗawa kusan sau 262 a daƙiƙa, maƙwabtansa na hagu da dama kuma sun mamaye duk inda murya ke yawo. Mataci yawan kaɗawa kawai ya sani, bai san daga bakin mutum sautin ya fito ko daga wayar fiyano ba. Kamar gishiri ne da ya narke a ruwa, rariya ba ta da abin yi. A waƙa ta farko an tsira ne domin muryar ta ɗan fi fiyanon ƙarfi, ana iya lulluɓe shi. A nan kuwa, kamar yadda McCartney ya bayyana, duk lokacin da suka ɗaga muryar John, sai fiyanon ya taso tare da ita ya dagula komai. Kuma muddin tsohon fiyanon yana nan, an ɗaure kowa da shi: ba a canja tsari, ba a matsar da gaɓa ba tare da an ji tabon yanka ba.

Na uku ba na na'ura ba ne. Waƙar kanta ba ta cika ba. Amshi yana nan, baitoci kuwa da giɓi.

Harrison ya ce a bari. McCartney ya shaida wa 'yan jarida a 1997 cewa Harrison bai so ta ba, kuma tunda ƙungiyar da shawara take tafiya, ba su yi ba. Kashi na uku na Anthology ya fito a Oktoba 1996 ba tare da sabuwar waƙa ba. Aka buɗe shi da wani gajeren kiɗan goge da George Martin ya tsara tun 1968. Cinikin bai ji a jikinsa ba, duka kashi ukun sun hau matsayi na ɗaya a Amurka. Tef ɗin zaman Maris aka adana shi.

## 1996 zuwa 2018: shekarun jira

Harrison ya rasu ranar 29 ga Nuwamba 2001 a Los Angeles, yana da shekara 58, bayan fama da ciwon daji. George Martin ya bi a 2016, Emerick a 2018. McCartney bai daina ambaton waƙar ba. A wani shirin BBC na 2012 ya ce wata rana zai koma ya gama ta.

Abu ɗaya ya faru a wannan tsakani da ya nuna inda iska ke kaɗawa. Akwai wasannin da ƙungiyar ta yi a dandalin Hollywood Bowl a 1964 da 1965, waɗanda aka ɗauka a tef mai layi uku, ihun 'yan kallo ya kusa shanye kiɗan. A 2016 aka sake fitar da su bayan wani injiniya a Abbey Road ya ƙera manhajar da ta iya janye ihun baya. Giles Martin, ɗan George Martin, shi ya haɗa sautin. Raba ihu da kiɗa bai kai raba murya da fiyano wuya ba, amma an ga cewa tsohuwar maganar "abin da ya haɗu ya haɗu" ta fara tsagewa.

## 2019 zuwa 2022: magani daga wata ƙofa

Ba don wannan kaset aka ƙera abin da ya warware shi ba. A 2019 aka sanar cewa Peter Jackson, mai shirya fim ɗan New Zealand, zai yi aiki a kan hotunan da aka ɗauki ƙungiyar a Janairu 1969 tana atisaye: kusan awa 60 na hoto, da kusan awa 150 na sauti. Mafi yawan sautin a kan ƙananan rakodoji masu layi ɗaya aka ɗauka. Abin da ya ƙara dagula shi, su mawaƙan sun san ana ɗaukar su, don haka idan za su yi maganar da ba sa so a ji, sai wani ya ƙure ƙarar jitarsa ya yi ta kaɗawa a banza, su yi hirarsu a ƙarƙashi. Shekara 50 dabarar tana musu aiki.

Ma'aikatan Jackson a Wellington suka gina manhaja ta ƙirƙirarriyar basira, suka sa mata suna MAL, don tunawa da Mal Evans, mai kula da kayan ƙungiyar a da. Aikinta ya bambanta da na mataci tun daga tambayar da take yi. Ana ciyar da ita misalai masu ɗimbin yawa: ga murya ita kaɗai, ga fiyano shi kaɗai, ga su a haɗe. A hankali take koyon halin kowanne. Sautin fiyano yana faɗowa da bugu, ya tsaya a wuri ɗaya, ya dushe. Murya tana zamewa, tana rawa, tana canja siffa daga wasali zuwa wasali, ga numfashi a tsakani. Ƙugin lantarki kuwa ba ya motsi sam. Idan an ba ta cakuɗaɗɗen sauti, sai ta bi shi ɗan lokaci bayan ɗan lokaci tana ƙiyasta wane kaso na wane ne, ta zuba kowanne a layinsa. An horar da ita har ta iya bambance muryar John da ta Paul.

Fim ɗin ya fito a Nuwamba 2021, kusan awa takwas, kuma hirarrakin da aka ɓoye a bayan jita suka fito fili. Gwaji biyu suka biyo baya. A rangadinsa na 2022, har da bikin Glastonbury a watan Yuni, McCartney ya rera waƙa tare da muryar Lennon da aka ciro daga wasansu na kan rufin bene na 30 ga Janairu 1969. A Oktoba 2022 kuma aka sake haɗa faifansu na 1966, wanda a tef ɗinsa na asali ganga da jita sukan zauna a layi ɗaya. Manhajar ta raba su, Giles Martin ya jera su yadda yake so.

## 2022: komawa kan kaset ɗin

McCartney ya aika wa Jackson kwafin waƙar. Abin da ya dawo layi biyu ne: murya a ɗaya, fiyano a ɗaya, ƙugi ya tafi. Matsala ta farko da ta biyu sun faɗi a lokaci guda.

Daga nan aiki ya koma irin wanda suka saba. An jefar da tsohon fiyanon, McCartney ya buga sabo, ya ƙara jitar bes. Starr ya ɗauki gangunansa a Los Angeles. Aka buɗe tef ɗin Maris 1995 aka ɗauko jitar Harrison. McCartney ya buga wani sashe na jita a salon Harrison, ya kuma faɗa a fili cewa shi ne ya buga, girmamawa ce ga marigayin. Don a samu muryoyin amshi irin na da, an ciro gutsattsari daga tsofaffin waƙoƙinsu uku na 1966 da 1969 aka saƙa a ciki, wanda ta haka muryar Harrison ma ta shiga.

An ɗauki kiɗan goge a situdiyon Capitol da ke Los Angeles, kuma an ɓoye wa makaɗan abin da suke bugawa: takardun da aka ajiye musu suna ɗauke da sunan bogi, suka ɗauka aikin McCartney ne shi kaɗai. Ɗaya daga cikinsu ta rasu kafin waƙar ta fito, ba ta taɓa sanin ta yi kiɗa a waƙar The Beatles ba.

Matsala ta uku, ta giɓin baitoci, da almakashi aka magance ta. A kaset ɗin akwai wani sashe da Lennon ya fara, kalmominsa suka ƙare masa a hanya ya koma gunguni. A 1994 irin wannan giɓi cike shi aka yi. A wannan karon an cire sashen gaba ɗaya, aka ƙara 'yan kalmomi kaɗan a wasu wurare, waƙar ta tsaya a minti 4 da daƙiƙa 8. McCartney da Giles Martin ne furodusoshi. Ono da Sean sun amince, haka ma matar Harrison, Olivia, da ɗansa Dhani.

## 2023 zuwa 2025: fitowa da sakamako

A Yuni 2023 McCartney ya faɗa a tashar BBC Radio 4 cewa an yi amfani da ƙirƙirarriyar basira wajen gama waƙar Beatles ta ƙarshe. Maganar ta faɗo a mummunan lokaci. Wata biyu kafin nan wata waƙar bogi da aka kwaikwayi muryoyin wasu shahararrun mawaƙa biyu da kwamfuta ta karaɗe intanet kafin a sauke ta, don haka jama'a da dama suka ɗauka an ƙera wa Lennon murya ne. Sai da McCartney ya fito ya yi bayani cewa babu abin da aka ƙirƙira, tsohon rikodi aka tsaftace. Sean ma ya faɗi haka.

Waƙar ta fito ranar 2 ga Nuwamba 2023, McCartney yana da shekara 81, Starr 83. A ɗaya gefen faifan aka saka waƙarsu ta farko ta 1962, wadda tef ɗinta na asali bai tsira ba. Daga tsohon faifai aka ɗauko ta, manhajar ta rarraba ta, aka yi mata haɗin sitiriyo. A Birtaniya sabuwar waƙar ta shiga jadawali a matsayi na 42 da cinikin awa goma kacal, mako na gaba ta hau na ɗaya. Ita ce ta 18 da ƙungiyar ta kai wannan matsayi a ƙasar, kuma ta farko tun 1969, tazarar shekara 54. A Amurka ta tsaya a na 7. A Fabrairu 2025 ta ci Grammy a rukunin rock, Sean ya karɓa. A shekarar kuma Jeff Lynne ya koma kan waƙoƙi biyun farko ya sake haɗa su da muryar Lennon da aka ciro ta wannan hanya.

## Hukunci

Tsayawar 1995 ba gazawar gwaninta ba ce. Mutanen da ke ɗakin suna cikin waɗanda suka fi kowa sanin tef a duniya, kuma sun gano ciwon daidai. Kayan da ke hannunsu ne ke auna abu ɗaya, yawan kaɗawa, alhali murya da fiyano da ƙugi duk sun yi tarayya a wannan ma'auni. Da sun ƙara mako guda, ko wata guda, a wuri ɗaya za su tsaya. Da kuma sun matsa sun fitar da ita a 1996 ta hanyar lulluɓewa, da ta fito ƙasa da 'yan'uwanta biyu, kuma da wuya a sake komawa kanta da irin wannan himma. Ƙin da Harrison ya yi shi ya tsare mata damar da ta samu daga baya, ko da ba nufinsa ke nan ba.

Abin da ya yi aiki a 2022 ya yi ne domin ya daina tambayar "sau nawa wannan sauti ke kaɗawa", ya koma tambayar "wa ya yi shi". Ya kuma yi domin an gina shi a kan wani aiki mai kuɗi da lokaci, mai ɗauke da awoyi masu yawa na muryoyin waɗannan mutane huɗu. Da kaset na minti biyar ne kaɗai dalili, ban ga kamfanin da zai ɗauki nauyin ƙera irin wannan manhaja ba. Sai kuma abin da ba a cika ambata ba: an adana kaset ɗin, an adana tef ɗin 1995. Ba don na biyun ba, da babu jitar Harrison a waƙar.

Maganar cewa babu abin da aka ƙirƙira gaskiya ce, amma tana da iyaka. Lennon ne ya rera kowace kalma da aka ji a bakinsa. Sai dai inda murya da fiyano suka hau kan juna daidai, abin da manhajar ta fitar ƙiyasi ne, mai kyau ƙwarai, amma ƙiyasi. Kuma ba ta iya maido abin da makirufon rakoda bai kama ba tun farko. A kunnena muryar a nan ta fi ta waƙoƙi biyun farko kusa da tsabta nesa ba kusa ba, musamman a baitin farko inda kusan ita kaɗai ce da fiyano. Daga tsakiya zuwa ƙarshe kuwa goge da amshi sun yi mata yawa, har an sake lulluɓe abin da aka sha wuya aka tono.

Inda nake da ja shi ne sashen da aka cire. Shi ne wurin da waƙar ke karkata ta shiga wani yanayi na rashin natsuwa, kuma shi ya fi kama da Lennon a duk kaset ɗin. Cire shi ya sa waƙar ta miƙe sumul, ya kuma sa ta fi zama tsarin McCartney. Hujjarsa ita ce, a ganinsa sashen yana ta yawo ne ba alƙibla. Amma shawarar da a 1995 sai mutum uku sun zauna a kanta, a 2022 kusan mutum ɗaya ne ya yanke ta.

Ƙin Harrison ma bai warware sarai ba. Iyalinsa sun ce lalacewar kaset ɗin ce ta dame shi, kuma da yana raye da ya shiga aikin da zuciya ɗaya. Idan haka ne, manhajar ta amsa ƙorafinsa. Amma yadda McCartney ya riƙa ba da labarin a shekarun baya, ana iya fahimtar cewa waƙar kanta ce ba ta yi masa ba. Idan wannan ne, babu manhajar da ta taɓa ƙorafin nasa. Amincewar magada ce ta maye gurbin ƙuri'arsa, kuma ƙa'idar Apple Corps ta yarda da hakan.